FILIN GONA DA DAJI: Maganin da ya san abokin gaba

  Wanda ya iya karatu ya karanta a fili, don na kusa da shi su ji.

Kwanan baya na sauka wani gari a gundumar Gazawa. Wani dattijo ya kama hannuna ya kai ni bayan gari. Ya nuna mini amya uku a kan itace. Duk babu zuma a ciki. A ƙasa ga ƙudan zuma matattu birjik. Na tambaye shi abin da ya faru. Ya ce maƙwabcinsa ne ya ga tsutsa a zogalensa, ya sayo magani ranar kasuwa a kwalba marar takarda, ya fesa da hantsi, ga iska tana kaɗawa. Tsutsa ta mutu, ƙudan zuma ma suka mutu. Bayan mako uku tsutsa ta dawo, har ta fi ta da yawa. Zuma kuwa ba ta dawo ba.

Dattijon ya ce mini: "Malam, ashe babu maganin da zai kashe ɓarawo ya bar mai gida?"

Amsar ita ce akwai. A kan wannan tambaya za mu yi magana a wannan wata.

DAJINMU YA KOMO GONA

Da farko mu tuna da abin da muke tsaro. Tsofaffi sun ga fari na 1973 da na 1984. Sun ga lokacin da gonaki suka zama fili fetal, iska tana kwashe ƙasa tana binne shuka. Daga 1983 aka fara sassaben zamani a jihar Maraɗi: manomi ya bar toho biyu ko uku a kan kututture, ya gyara su, ya tsare su har su zama itace. Mutanen Ɗan Saga a gundumar Agye sun yi suna a wannan aiki, har suka kafa kwamitin tsaron itatuwa. Masana da suka duba hotunan da aka ɗauka daga sama sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da gonaki kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200.

Ashe dajinmu na yau a cikin gona yake. Gawo, kalgo, sabara, aduwa da magarya suna tsaye tare da hatsi da wake. Duk abin da ka fesa wa hatsi ya taɓa itace. Duk abin da ka fesa wa itace ya sauka a bakin akuya da raƙumi. Makiyayi ya san darajar ƴaƴan gawo a cikin rani. Don haka maganar maganin ƙwari ta shafi manomi, ta shafi makiyayi, ta shafi uwargida mai tsinkar ganye.

WACE CE TSUTSA?

Tsutsar da ke cin ganye ba daga sama take faɗowa ba. Uwarta ita ce malam-buɗe-littafi na dare, wanda ke zuwa ya kewaye fitila. Rayuwarta hawa huɗu ce:

1. Uwa ta saka ƙwai a ganye ko a zangarniya.
2. Ƙwai ya ƙyanƙyashe tsutsa. Ita ce mai ɓarna.
3. Tsutsa ta ƙoshi, ta shiga kwanso ta kwanta, sau da yawa a cikin ƙasa.
4. Daga kwanso sai sabon malam-buɗe-littafi ya fito.

A ƙasarmu guda uku sun fi damunmu. Akwai murzuna mai cin zangarniyar hatsi. Akwai tsutsar zogale, wadda masana ke kira Noorda, mai saƙa zare tana cinye ganye a garake na Gulbin Maraɗi, wajen Tibiri da kewaye. Akwai kuma tsutsar wake mai huda fure da kwanso. Tun 2016 wata baƙuwa ta ƙaru, tsutsar masara da ta shigo Afirka ta Yamma daga nahiyar Amurka.

Amma tsutsa tana da nata abokan gaba. Tsuntsaye suna cinta. Gizo-gizo da tururuwa suna kama ta. Akwai ƙananan zanzaro da ke saka ƙwai a jikinta. Waɗannan su ne sojojin gona, kuma ba a biyansu ko dala. Magani mai kashe kowa yana gamawa da su tun kafin ya gama da tsutsa, domin su suna yawo a fili, ita kuwa tana ɓoye cikin ganye ko zangarniya. In sun mutu, tsutsar da ta rage ta samu gari babu mai gadi. Abin da ya faru a garken maƙwabcin dattijo ke nan. Garin neman gira aka rasa ido.

DARASI DAGA DAZUKAN NESA

Ba mu kaɗai muka yi wannan kuskure ba. Manyan ƙasashe sun riga mu.

A 1869 wani Bafaranshe ya kai wani irin malam-buɗe-littafi daga Turai zuwa jihar Masacusets ta Amurka, yana son ya samu zaren siliki. Ƙwarin suka kuɓuce masa suka shiga daji. Suka yi ta yaɗuwa shekara da shekaru. A 1981 kaɗai tsutsarsu ta cinye ganyen daji fiye da hekta miliyan 5. Ku duba, wannan ya kai faɗin duk gonakin da muka farfaɗo da su a Nijar.

Bayan yaƙin duniya na biyu wani magani mai suna DDT ya yaɗu. Aka riƙa fesa shi da jirgin sama a kan dazuka. A 1954 aka fesa shi a dajin Kanada don kashe tsutsar da ke cin tohon itatuwan katako. Maganin ya sauka cikin kogin Miramishi. Ƙwarin ruwa suka mutu, ƴaƴan kifi masu yawa suka mutu. A wasu wurare tsuntsaye suka riƙa saka ƙwai mai ɓawo marar ƙarfi, yana fashewa kafin ƙyanƙyasa. A 1962 wata masaniya mai suna Rachel Carson ta rubuta littafi ta tona wannan ɓarna. A 1972 Amurka ta hana fesa DDT a gonaki.

Daga nan masana suka sake tunani. Suka ce a nemo maganin da zai bi ta wata kafa da tsutsa kaɗai ke da ita. Ga hanyoyi huɗu da suka samo.

Ta ɗaya: ƙwayar Bt. Wata ƙwayar halitta ce da ke zaune a cikin ƙasa, ido ba ya ganinta. An fara gano ta a Japan a 1901, tana kashe tsutsar siliki. A 1938 aka fara sayar da ita a matsayin magani a Faransa. Ba ta aiki sai tsutsa ta ci ganyen da aka fesa. Ruwan cikin tsutsa yana da kanwa-kanwa. Shi ne ke narkar da dafin, dafin ya huda hanjinta. Sai ta daina ci a ranar, ta mutu cikin kwana 2 zuwa 5. Cikin mutum da na akuya da na tsuntsu ba haka yake ba, don haka dafin ba ya kama su. Irin Bt da ake yi don tsutsa ba ya kashe ƙudan zuma. Yau da shi ake fesa dazuka masu yawa a Kanada da Amurka.

Ta biyu: cutar tsutsa. Kamar yadda kaji ke da tasu annoba, haka kowace tsutsa ke da tata. A 1978 Amurka ta yarda da wani magani mai suna Gypchek, wanda aka yi da ƙwayar cutar waccan tsutsa ta daji. Ita kaɗai yake kamawa.

Ta uku: maganin saɓa. Tsutsa ba ta girma sai ta yi saɓa, kamar maciji. Akwai wani sinadari a jikinta da ke gaya mata lokaci ya yi. Masana suka haɗa magani mai kwaikwayon wannan sinadari, sunansa tebufenozid, aka fara aiki da shi a shekarun 1990. Tsutsar da ta ci shi sai ta fara saɓa ba lokacinta ba, ta kasa gamawa, ta mutu.

Ta huɗu: ƙamshin mace. Macen malam-buɗe-littafi tana kiran namiji da wani ƙamshi cikin dare. A 1970 masana suka gano ƙamshin waccan tsutsa ta Amurka, suka iya haɗa shi. In an watsa shi a daji, namiji ya ruɗe, ya kasa samun mace. Babu barbara, babu ƙwai.

Mu faɗi gaskiya, waɗannan magunguna suna da nasu aibi. Ba sa kashewa nan take. Hasken rana yana lalata Bt cikin ƴan kwanaki. Sun fi aiki a kan tsutsa ƙarama. Bt kuma yana kashe tsutsar malam-buɗe-littafin da ba ya ɓarna, in ta ci ganyen. Sannan ba a kowace kasuwa ake samunsu ba. Amma sun bar tsuntsu da zuma da kifi da ransu.

A ƘASARMU FA?

Nijar ba a bar ta a baya ba. Daga 1989 wani shiri na masana mai suna LUBILOSA ya yi aikin neman maganin fara da ba ya cutar da sauran halittu. Suka samo wata funfuna da ke tsiro a jikin fara ta kashe ta. An gwada ta a manyan filaye kusa da Maine-Sorowa a 1996 da 1997. Sunan maganin Green Muscle. Yakan ɗauki mako ɗaya zuwa uku kafin fara ta mutu, amma tsuntsayen da ke cin fara suna nan lafiya.

Sai kuma babban aiki da aka yi a nan jiharmu a kan murzuna. Murzuna ta zama annoba a Sahel bayan farin 1972 zuwa 1974. Uwarta tana fitowa daga ƙasa kimanin wata ɗaya bayan ruwan shuka. Tana saka ƙwai a kan sabuwar zangarniya. Tsutsar tana yanke furen hatsi tana kewaya zangarniya, ta bar hanya a murɗe kamar igiya. In ta ƙoshi ta sauka ƙasa, ta kwanta har damina mai zuwa. A mummunar shekara manomi kan rasa fiye da rabin hatsinsa. Feshi ba ya yi mata sosai: hatsi ya yi tsawo, ita kuma tana ɓoye, ga kuɗin magani.

Masanan INRAN na Tarna, da na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, da na ICRISAT, sun bi wata hanya. Akwai wani ɗan zanzaro a ƙasarmu tun asali, bai kai ƙwayar shinkafa ba, masana suna kiransa Habrobracon. Macen tana harbin murzuna ta sandare, ta saka ƙwai a jikinta. Ƴaƴan su ƙyanƙyashe su tsotse ta. Cikin kwana 10 ko kusa da haka sababbin zanzaro sun fito. Ba ya harbin mutum, ba ya harbin dabba, ba ya cin hatsi. Matsalarsa ɗaya ce: rani yana rage shi ƙwarai, in an bar shi da kansa ba ya yawa sai murzuna ta gama ɓarna.

Don haka ake kiwonsa a ɗaki a sake shi da wuri. Tun 2006 ake wannan aiki a Nijar, Burkina Faso da Mali. Ana ɗinka ƴar jaka ta buhun garara. A zuba hatsi da garin hatsi, a sa tsutsar rumbu 25, a sa macen zanzaro 2. A rataye jakar a gona, a kare ta daga ruwan sama. Bayan mako guda ko fiye, zanzaro wajen 60 zuwa 70 za su riƙa fitowa ta ƙofofin buhun. Jaka 15 ake ba gari ɗaya, a raba su gabas, yamma, kudu, arewa da tsakiya. Zanzaron su hayayyafa su bazu kilomita da dama. Binciken da aka yi ya nuna hatsi ya ƙaru da kimanin kashi 34 cikin 100 a zangarniyar da zanzaro ya kashe murzunarta.

To ku lura da kyau. Garin da ya rataye jaka, in mutum ɗaya ya fesa magani mai kashe kowa a kusa, ya kashe zanzaron da aka yi wahalar kiwo. Zanzaro bai san iyakar gona ba. Wannan aiki na gari ne duka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

MAGANIN DA KE ƘOFAR GIDA

Dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi, asalinsa daga ƙasar Indiya ne. Yau babu garin da babu shi. A cikin ƙwallonsa akwai ɗaci mai hana tsutsa cin abinci, ya kuma hana ta saɓa. Ga yadda ake haɗa shi:

1. A tsinci ƴaƴan da suka nuna suka faɗo.
2. A wanke, a cire naman, a shanya a inuwa har su bushe. Wanda ya yi funfuna a zubar.
3. A daka rabin kilo, wato giram 500.
4. A jiƙa cikin ruwa lita 10, ya kwana.
5. Da safe a tace da ƙyalle mai laushi don kada ya toshe famfo. A narka ɗan sabulu a ciki don ya kama ganye.
6. A fesa da maraice, lokacin da rana ta yi sanyi, ƙudan zuma sun koma amya. A jiƙa ganye sama da ƙasa.
7. A sake bayan kwana 7. Ruwan da ya kwana biyu ya rage ƙarfi, a haɗa sabo.

Kada ka yi tsammanin ganin tsutsa tana zubowa nan take. Duba ganye bayan kwana uku: za ka ga ci ya tsaya. Sannu ba ta hana zuwa. Kuma a fara tun tsutsa tana ƙarama. Mai zogale ya riƙa duba tohon itacensa sau biyu a mako. In tsutsa ta riga ta yi yawa, a sassabe rassan, a tattara ganyen da ya kamu a binne, a tsare sabon toho da ruwan dogon yaro.

IN DOLE SAI AN SAYI MAGANI

Wani lokaci ɓarna takan fi ƙarfin dabarar gida. To, matambayi ba ya ɓata. Ga abin da ya kamata:

Ka ɗauki tsutsar da ganyen ka kai wa malamin gona ko ma'aikacin kare tsirrai na gundumarku. In itacen daji ne, ka gaya wa ma'aikatan gandun daji. Sai an san cuta ake sanin magani.

Ka tambaya ko akwai magani mai zaɓe, irin Bt ko man dogon yaro, kafin ka sayi mai kashe kowa.

Ka duba takardar kwalba. Ƙasashen Sahel suna da kwamiti ɗaya mai tantance magungunan ƙwari, ana kiransa CSP, mazauninsa Bamako. Maganin da ya yarda da shi yana ɗauke da lambarsa. Kwalbar da babu takarda, ko wadda aka ɗura a gorar lemo, ka bar ta a inda ka gan ta. Araha ba ta ado.

Ka duba launin da ke gindin takarda. Ja shi ne mafi haɗari. Sai rawaya, sai shuɗi, sai kore.

Piya-piya ba na ganyen miya ba ne. Kada a fesa shi a zogale, ko yakuwa, ko wake da za a ci.

Kowace takarda tana faɗin kwana nawa za a jira kafin a tsinki ganye. Mai zogale da ya fesa yau ya tsinka jibi ya kai kasuwa, guba ya sayar wa ƴan'uwansa. Wataƙila ɗansa ne zai ci kwaɗon.

Kada a fesa itace yana fure. Kada a fesa da iska. Kada a fesa kusa da rijiya, tabki ko mashayar dabbobi. A sanar da mai amya da makiyayi tun jajibiri, don a janye dabbobi daga wurin.

Mai feshi ya rufe hanci, baki, hannu da ƙafa. Kada ya ci goro ko ya sha taba yana aiki. Yaro da mace mai ciki ba sa feshi. In an gama a yi wanka da sabulu, a wanke tufafi daban.

Kwalbar da ta ƙare a huda ta don kada wani ya zuba ruwa, mai ko nono a ciki.

In wanda ya yi feshi ya ji ciwon kai, jiri, amai, zufa mai yawa ko yawu yana zuba, a kai shi gidan likita nan da nan, a tafi da kwalbar. Nono da manja ba sa karya wannan guba.

AIKIN WANNAN WATA

Muna roƙon kowane ajin yaƙi da jahilci da kowace ƙungiyar manoma su zauna su amsa tambayoyi uku. Wace tsutsa ce ta fi yi mana ɓarna bara, kuma a wane wata? Amya nawa ke garinmu, kuma nawa ne ke da zuma? Wa za mu aika wurin malamin gona ya tambayo mana maganar jakar zanzaro, tun hatsi bai fitar da kai ba? Wanda ya iya rubutu ya rubuta amsar a littafin ƙungiya. Mata da yara kuma su tara ƴaƴan dogon yaro a lokacinsu, a adana su a buhu a wuri busasshe.

Dattijon nan na Gazawa ya sake gyara amyarsa ya rataye. Shi da maƙwabcinsa sun yi magana a gaban mai gari. Maƙwabcin ya yi alkawarin gwada ruwan dogon yaro, kuma ba zai ƙara feshi da hantsi ba. In na koma can zan kawo muku labarin abin da na gani.

Wanda ke da tambaya ko wata dabara da ya gwada ta yi, ya rubuto mana ta hannun malamin ajinsu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana dabbobinmu da itatuwanmu. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.